Kifin da Inna Ta Ba da Kiwo

Ni mai yankan gilas ne a Kaura Namoda, tagogi da ƙofofin alminiyon nake haɗawa, kuma guntaye ba sa ƙarewa a shagona. Da su na haɗa akwatin kifi, na liƙe da gam, na ɗora shi kan benci a barandar tsakar gida inda rana ba ta bugawa. Kifin guda biyu, mace da namiji, a bakin gulbi na samo su, wajen wani masunci da ya ware su gefe zai zubar, wai ƙaya ta yi musu yawa. Dangin karfasa ne, ba su wuce tafin hannu ba, da ɗigo baƙi jere a gefen jiki. Sai dai su ba ruwansu da dusa, abu mai rai suke so, kuma su kama da kansu. Na taɓa zuba musu 'yan ƙananan kifaye don akwatin ya yi kyau, kafin in dawo daga shago babu ko ɗaya. Maimakon in ji haushi, sai abin ya ƙara mini son su.

A shekarar da ɓarayin daji suka sa zama ya gagara a ƙauyenmu, can wajen Galadi, muka lallaɓa mahaifiyata ta dawo wurina. An kore mata wasu awakin, sauran yayana ya kai kasuwar Shinkafi. Ta yarda ta zo ne bisa sharaɗin cewa rani kawai za ta yi, ruwa na sauka za ta koma. Ni kuwa na san yadda hanyar take da yadda dajin ya zama, kuma tsoro nake ji ƙwarai. Babu abin da nake so a duniya a lokacin kamar Inna ta zauna.

To amma me zai zaunar da ita? Matar da tun tasowata ban taɓa ganin hannunta ba aiki ba, sai ga ta a kan tabarma tun safe. Matata ta yi iya ƙoƙarinta, fura da wuri, ruwan wanka a shirye, ita kuwa Inna cewa take an ajiye ta ana yi mata turke kamar ragon layya. Gidan haya ne, ko'ina siminti, mai gida ya hana ajiye dabba. Ko zaure ba ta leƙawa, wai ba ta san kowa ba kuma ba ta ga amfanin sanin waɗanda za ta bari ba.

Kifina kuwa sun sha raini. Da ta tambayi ranar da za a soya su na ce ba na ci ba ne, sai ta dube ni sama da ƙasa.

"Auta, kihin da ba a ci, ba a saidawa, shi kaka ciyarwa? Allah shi ba ka lahiya."

Wata rana da hantsi wata fara ta sauka a kan zanenta. Ta cafke ta, ta rasa inda za ta jefar, sai ta wurga ta cikin akwatin. Namijin ya taso daga bayan dutse ya fizge ta da ƙarfin da ruwa ya fallatsa wa Inna a fuska. Ta yi tsaye tana goge ido, can sai ta fashe da dariya har da riƙe ciki. Tun zuwanta ban ji dariyarta ba sai ranar. Ta ce wannan halin bunsuru gare shi, ba kunya ba godiya. Daga nan namijin ya zama bunsuru, macen ta zama akuya.

Kafin in farga an ƙwace mini kiwo. Ita ke tono tana a gindin randa, ita ke bin bango tana neman gara, har ta fara fita bayan gida kamun fara. Abincin gwangwani da nake sayo musu daga Gusau ta shinshina ta ce ba za a ƙara ba dabbobinta wannan abin ba. Su ma munafukan suka bi ta. Tana tunkarar benci za su taho jikin gilas suna rawar jiki, ni da na cece su daga hannun masunci ina zuwa sai su shige bayan dutse. Na yi ƙorafi, matata ta ce in kai ƙara wajen mai unguwa.

Da zafi ya tsananta, sai cikin macen ya yi ja, suka dinga haƙa yashi suna share dutse, har wata safiya muka ga ƙwai jere a kansa. Inna ta ce a fitar da bunsuru, haka ake yi, ba a barin sa kusa da mai jego. Na ce ta bari, ta ce ni me na sani. Ta naɗe hannun riga ta tsoma kwano, su biyun suka taso mata a tare, namijin ya kafa mata baki a yatsa. Ta janye hannu tana salati, ta koma gefe tana kallo. Sai ta ga ashe gadi yake. In macen ta matsa shi ke tsayawa kan ƙwan, kuma da suka ƙyanƙyashe, duk ɗan da ya yi nisa shi ke ɗauko shi a baki ya mayar cikin 'yan'uwansa. Mazan gidanmu kaf sun sha gori a wannan makon. Ni ta ce ta tabbata ban taɓa ɗaukar ɗana na minti biyar ban miƙa wa uwarsa ba, kuma da gaskiyarta.

Daɗin bai daɗe ba, don jinin iyayensu ne a jikinsu. Da 'ya'yan suka tasa, manyan cikinsu suka fara haɗiye ƙanana. Inna ta damu sosai, ta ce ita ba ta taɓa zura ido dabbobinta na raguwa ba. Ta tambaye ni ko guntayen gilas sun ƙare, na ce suna nan jibge. Ta ce to in haɗa mata ƙananan akwatuna, kiwo za ta bayar.

A ƙauye in awakin mace suka yi mata yawa, takan ba wata akuya ta riƙe, in ta haihu a raba 'ya'yan, uwar kuma tana nan ta mai ita. Haka Inna ta yi da kifi, ba ta rage komai ba. Matata ta kira matan maƙwabta, suka zo suna ƙunshe dariya, Inna ta zaunar da su ta karanta musu sharuɗɗa fuska ba wasa. Kowacce ta tafi da akwatinta, da kifinta a roba. Mai dukiya kuma dole ta bi dukiyarta, don haka kullum da la'asar sai ta zura hijabi, ta ɗauki gwangwanin fara, ta shiga gida-gida. Ta yi wa wata faɗa kan ruwa ya yi datti, ta yabi wata. Takan dawo da labarin suna da biki da wadda ta yi yaji, har ta fi matata sanin unguwar.

Ruwan farko ya sauka. Washegari yayana ya iso a kan babur, ya ce ya zo ɗaukar ta kamar yadda aka yi alkawari. Ya tarar da ita tsugune tana tattara shinge, garar nan mai fiffike da ruwa ya fito da ita, ta amsa gaisuwarsa ba ta ko miƙe ba.

"Tahi ka shibka gonar bakin gari, kak ka shiga ta daji," in ji ta. "Ni ina da bisashe hannun mutane, ba su ko haihu ba. Wa ka barin dukiyatai hakanan shi tahi?"

Yayana ya tambayi yaushe za su haihu. Ta juyo ta dube ni. Na ce irin wannan kifin sai ya kusa shekara.

"To, ka jiya. Sai baɗi, in muna da rai."

Ya ci abinci ya juya shi kaɗai. Na raka shi bakin titi, na dawo ina jin kamar in yi ta tsalle a tsakar gida da girmana. Na tsaya a baranda ina kallon ta, idona ya cika da ƙwalla. Ba ta ɗago ba.

"Auta, bar kallona awa wadda za ta gudu. Na san abin da nika yi. Miƙo mani kwanon can."

Na miƙa mata.