Tayar Baya ta Hagu

Wata safiyar Litinin ce cikin damina, shekara biyu bayan an sauya mana kuɗi daga fam zuwa naira. An kwana ana ruwa, harabar gidanmu na GRA ta yi caɓal, ni kuwa ina tsaye gefen motar Baba da kayan makaranta a jikina, ƙafata kan famfon iska, ina dannawa ina tsaki a zuci. Tayar baya ta hagu ta sake kwantawa, yadda ta saba kowace safiya. Ƙanena Sani na tsugune ya riƙe bakin tiyo kada ya suɓuce, kokonsa na hucewa a kan dakali. In cinyata ta gaji in sauya ƙafa, in waccan ma ta gaji in hau da duka biyun ina tsalle. Inna ta leƙo da ludayi a hannu, ta dubi tayar, ta dube ni, ta ce, "Wannan taya dai ta fi mai jego son hidima." Ban yi dariya ba, don na san kafin mu isa makaranta an buga ƙararrawa, kuma malamin da ke tsare ƙofa ba ya jin uzurin taya.

Ba rashi ne ya hana Baba sayen sabuwa ba. Lokacin kuɗin mai sun shigo ƙasa, ma'aikata sun sami ƙarin albashi, kowane gida a layinmu sai ka ga an sauke firji ko rediyo mai kaset. Maƙwabtanmu in ƙusa ta huda masu taya sau biyu, jefar da ita suke yi bayan katanga, yaran cikin gari su zo su kwashe su yi ta gare da ita. Mu kaɗai ne tayarmu ta ci faci har ya hau kan faci. Safayar motar kuwa Baba ya ara wa wani abokin aikinsa, ta bi shanun sarki. Shara da wanke-wanke da ba kaji dusa duk ina yinsu ba gardama, amma famfon nan na tsane shi har cikin raina, na kuma ɗauka rowa ce kawai ke damun mahaifina.

Mai yi mana facin yayan Baba ne, uwa ɗaya uba ɗaya, muna ce masa Baffa Iro. Rumfarsa na Ƙofar Guga, ƙarƙashin wani tsohon bedi, itacen da Kanawa ke kira darbejiya. Inna ta ba ni labari cewa da aka zo gidan kakanmu ɗaukar yaro ɗaya a sa makarantar boko, Baffa aka nuna, sai kakanmu ya ɓoye shi a rumbu ya miƙa ƙaramin, don babban ya fara amfani a gona. Ƙaramin ya zama babban akawu mai mota da gidan gwamnati. Babban ya koyi gyaran keke, daga baya ya koma faci. Ba wanda ya taɓa tayar da zancen a tsakaninsu, amma akwai shekarar da Baba ya aika masa da buhun shinkafa gab da azumi, kafin la'asar buhun ya dawo a kan jaki ko kwance shi ba a yi ba. Saƙon da ya biyo shi gajere ne: "A ce mashi da sauran ƙarhina."

Saboda haka kusan kullum in Baba ya tashi aiki ya ɗauko mu daga makaranta, sai mu zarce gindin bedin nan da yunwarmu. Baba zai tuɓe takalmi ya tsuguna ya gaida yayansa, gaisuwa mai tsawo, a tambayi gajiya da iyali da ruwa da gona. Sannan a sa jak a ɗaga mota, a ciro tub a hura, a tsoma shi cikin wani rabin duro mai baƙin ruwa ana juyawa har a ga inda kumfa ke fita. Baffa ya kankare wurin, ya shafa sholisho, ya ɗora roba, ya danne da ƙarfe mai zafi. Baba na zaune kan benci da rigar ofis, yana miƙa masa abin da ya nema tun bai buɗe baki ba. Ni da 'ya'yan Baffa mu yi ta carafke har duwatsun su gundure ni. In an gama Baba ya tura ladan aikin ƙarƙashin gwangwanin sholisho, Baffa ya kau da kai kamar bai gani ba. Wannan yana karɓa, don guminsa ne.

Ranar wata Asabar muna dawowa daga gonarmu ta hanyar Batsari, an cika but da ɗanyar masara, sai muka ji ƙara kamar an harba bindiga. Motar ta yi wani layi, Baba na ta kokawa da sitiyari yana salati, har muka faɗa cikin geron wani bawan Allah muka tsaya. Ni ban ji ciwo ba, amma goshin Sani ya bugi ƙarfen kujera ya tsage. Inna ta yage gefen ɗankwalinta ta ɗaure masa. Wata a-kori-kura ce ta kwaso mu zuwa gari, aka ɗinke goshin a asibiti. Da muka fito na zaci gida za mu, sai na ga Baba ya sa an sauke mu gindin bedi, da fasasshiyar tayar a hannunsa. Gajiya ta sa ko haushi na kasa ji.

Baffa bai dubi tayar ba tukuna. Ya jawo Sani ya ɗaga haɓarsa, ya daɗe yana kallon filastar. Sannan ya ɗauko wuƙar da yake yanka roba, ya kafa ta a gefen tayar, ya tsarge ta tun daga sama har ƙasa yadda ba mai iya ɗinke ta.

"Mi ka yi haka, Yaya?" in ji Baba.

"Ta mutu tun bara, kai ma ka sani, ni ma na sani," Baffa ya ce. "Tahi kanti ka sawo sabuwa. Ba mu ci gaba da wannan a kan ran ɗiyanka ba."

Da tub ɗin ya yi wa rijiyar gidan kakanmu guga, da tayar kuma ya yanka wa almajirai takalma ya sayar. Mu kuwa muka sami sabuwa dal mai ƙanshin roba, aka jefa famfo cikin sito, na daina shan bulalar makara. Na yi murna ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Sai dai Baba ya koma dawowa gida kai tsaye, ya zauna a baranda da rediyo a kunne ba ya saurare. Inna ta ce ya je ya gaida yayansa mana, tunda ba hanya aka toshe ba. Ya je sau ɗaya, suka gaisa, Baffa ya ce, "Lahiya dai?" Baba ya ce lafiya lau, suka zauna kowa na kallon titi, ya taso. Mutane ne da ba su iya hira ba sai da aiki a tsakaninsu.

Bayan an yi girbi, wata rana da la'asar na zagaya bayan gida kwashe shanya, sai na tarar da Baba tsugune gefen sabuwar tayar, ya sa tsinken ashana a bakin bawul, iska na fita a hankali. Muka haɗa ido. Ya miƙe ya kaɗe rigarsa, ya ce, "Binta, kira Sani ku shiga mota, tayar ga ta yi sanyi." Muka tafi a hankali kamar masu rakiyar amarya. Baffa ya ciro tub ya tsoma a duro, ya juya ya sake juyawa, ruwa bai yi kumfa ko ɗaya ba. Ya mayar da tub ɗin cikin tayar. Can ya ce, "Irin na zamani ne, ba su da tabbas. Ka riƙa kawo ta ina dubawa." Baba ya ce to, ya gyara zama a kan benci.

Yau duk su biyun suna ƙasa, an sare bedin an yi shaguna a wurin. Tayoyin yanzu ma ba su da tub, in ƙusa ta shiga sai a cusa wata 'yar roba kana zaune cikin mota, ba ka ko san sunan mai facin ba. Sani na nan cikin Katsina da tabonsa a goshi, tsakanin gidana da nasa ba nisa, amma sai Sallah ko rasuwa ke haɗa mu, sauran duk a waya ne. Wani lokaci in na fito da safe nakan zagaya motata in duba, in tarar tayoyin duk lafiyarsu ƙalau. Na rasa abin da zan kai wa Sani ya duba.