Kunnen Malam Bature Mai Gyaran Talabijin

Shagon Malam Bature yana jikin shagon ɗinkina a Funtua, shekara goma sha tara ke nan. Shi kaɗai ya rage a layinmu mai gyaran tsohuwar talabijin mai doro. Mutum ne mai taurin kai, ko maganin ciwon kai ka ba shi sai ya yi gardama da ƙwayar.

Da kunne yake aiki. In ya jona talabijin sai ya karkata kai ya saurari wani siririn fito kamar kukan sauro. In ya ji, babbar wutar da ke haska gilashi tana nan. In shiru, ta mutu. Shi ya gaya mini wutar nan tana kwanciya a ciki ko an zare waya, kuma tana iya tsayar da zuciyar ƙato.

Tun bara na lura sai na yi sallama sau uku kafin ya amsa. Amma wa zai ce wa dattijo ya kurumce?

Ranar Laraba Alhaji Manu, wani manomi daga Tsiga, ya kawo talabijin ɗin mahaifinsa: magana tana fita, hoto babu. Malam ya buɗe bayanta, ya jona, ya karkata kai. Ni daga bakin ƙofa ina jin fiton nan har cikin haƙorina.

"Wutar ta mutu, Alhaji," in ji shi.

Ya zare waya. Maimakon ya fara sauke wutar da sukudireba kamar kullum, sai ya miƙa yatsu tsirara zuwa robar da ke manne a bayan gilashin. Na yi tsalle na riƙe hannunsa.

"Malam, tana kuka fa!"

Ya harare ni. "Kai Aƙilu, allura ka sani ko wuta?"

Duk da haka ya ɗauki sukudireba, ya ɗaura mata waya zuwa jikin ƙarfe, ya zura ƙarƙashin robar. Wani shuɗin tartsatsi ya yi tas! Alhaji Manu ya ja da baya yana salati.

Malam ya daɗe yana kallon yatsunsa. Da Alhaji ya fita, ya tambaye ni a hankali, "Ta yi ƙara?"

"Ta yi, Malam."

"Kada Lauratu ta ji," ya ce. Matarsa ke nan, wadda ta daɗe tana roƙonsa ya koma gona.

Ban gaya mata ba, kuma wallahi ina jin haushin kaina. Yanzu duk lokacin da aka shigar masa da talabijin, sai in tsayar da keken ɗinki in kasa kunne ta bango.

Gobe da safe zan tafi Kano sarin yadi, kwana biyu zan yi. Ɗazu na ga ɗan acaɓa ya sauke masa wata talabijin.