Jibirin da Layin Surukai

Wanda duk ya sauka a tashar Gwarzo ya tambayi shagon Jibirin mai kwamfuta, za a nuna masa wata shuɗiyar ƙofa a gindin darbejiya. A nan yake buga wa mutane takardu, ya cike wa ɗalibai fom, ya gyara wa dattawa hoton fasfo har su fito kamar angwaye. Ɗan ƙauyen Mainika ne, ya ɗan haura arba'in, da furfura ƙwaya ɗaya a gemu da yake lallaɓawa kamar 'yar auta. In kasuwa ta lafa bayan azahar, sai ya jawo tsohuwar kwamfutarsa ya shiga abin da ransa yake so, wato rubuta manhaja.

Harsunan da ake rubuta manhaja da su suna da yawa, samarin birni kuma sun bi waɗanda ake yayi. Shi Jibirin sai ya ɗauko wani wai shi Elm, wanda masu aiki da shi a duk inda ya sani ba za su cika a-daidaita-sahu ba. Dangin wannan harshe suna da wata ɗabi'a: ba sa goge abu. Ka ba su jerin sunaye ka ce a sauya, sai su miƙo maka sabon jeri, tsohon yana nan yadda ka bar shi. Kuma amsar da suka ba ka yau ita za su ba ka gobe, ba sani ba sabo.

Abokinsa Mahbub, wanda yake rubuta wa wani kamfani manhaja a Kano, ba ya gajiya da tsokanarsa a waya.

"Mutumina, wa ya aike ka? Ka sayi motar da babu bakanikenta a gari. In ka maƙale wa za ka tambaya?"

"Ai ba ta mutuwa a hanya," in ji Jibirin.

"To wa ya taɓa hawa? Ka nuna min mutum ɗaya da yake aiki da abin da ka rubuta, in zo har Gwarzo in durƙusa in gaishe ka."

Jibirin yakan yi dariya, amma maganar tana sukarsa, don gaskiya ce. Shekara shida yana rubutu, babu wanda ya taɓa mora.

Sai ga kaka ta zo. Ƙungiyar manoman ƙauyensu tana da injin sussuka guda ɗaya, layin masu jira kuma a allo ake rubuta shi da alli. Kowace shekara sai an yi rigima, don suna yakan kwana a sama ya wayi gari a ƙasa, hannun rigar wani kuma ya yi fari. Jibirin ya rubuta 'yar manhajar da za ta riƙe layin a wayar mai tayar da injin: wanda ya riga zuwa shi ne a gaba, ba gogewa. Ya kai wa shugaban ƙungiya, Alhaji Ƙasimu.

Alhaji ya jujjuya wayar ya ce, "Kwana uku na ba ka. In injin nan ya zauna banza saboda abinka, mun koma alli."

Ranar farko masara ta yi ta zuba kamar ruwan Agusta, ba wanda ya ɗaga murya. A rana ta biyu da hantsi, waya ta kira sunan Tasi'u, a bayansa kuma Malam Hambali, uban matarsa. Tasi'u ya dubi buhunansa, ya dubi ƙasa, ya tuɓe takalmi.

"Baba, ku fara."

"A'a, waya ta ce kai ne. Kada gobe a ce na danne yaro."

"Wallahi Baba ba zan iya ba."

Mai injin ya ce shi ba shi da wurin dannawa ya sauya su. Injin ya yi shiru har azahar, mutane suna ta dariya, Alhaji Ƙasimu kuwa ya fara laluben alli a aljihu.

Jibirin, da yake tsaye a wurin, ya gane wautarsa. Ashe goge-gogen da ake yi a allo ba duka ne ha'inci ba, rabinsa kunya ce. Shi da ba ya iya cin tuwo a gaban nasa surukin, ya rubuta layin da bai san suruki ba.

Ya wuce gida wajen mahaifiyarsa, Inna Dela, wadda babu auren da aka ɗaura a ƙauyen cikin shekara hamsin da ba ta san kansa ba. Tana ɓarar gyaɗa tana lissafo masa wa ya auri 'yar wa, yana shigarwa. Ya ƙara ƙa'ida ɗaya: a karɓi layi, a fitar da sabo wanda uban mata yake gaban mijin 'yarsa, tsohon layin kuma ya zauna don shaida. Da yake jera yadda mutum biyu za su iya kasancewa, ya rubuta hali huɗu, ya ba uku hukunci, ya bar na huɗu don a ganinsa ba ya faruwa. Sai kwamfaila, wato mai duba rubutun kafin ya zama manhaja, ya ƙi wucewa.

"Inna, kin ji abin nan da taurin kai. Wai sai na faɗa masa yadda za a yi in kowanne surukin ɗan'uwansa ne. Ina aka taɓa haka?"

Inna ta yi dariya har gyaɗa ta zube.

"Kai dai anya a garin nan aka haife ka? Hambali ya auri 'yar Ƙasimu, Ƙasimu ya auri 'yar Hambali. Shekara goma sha biyu ke nan ba su taɓa kai masara rana ɗaya ba."

Jibirin ya duba layin gobe. Ga su nan su biyu, Hambali da sauran masararsa a sama, Alhaji Ƙasimu a ƙasa. Ya rubuta hukunci na huɗu: a raba musu rana, wanda ya zo daga baya ya koma washegari. Kwamfaila ya wuce. Sai dai wanda aka ɗage ɗin shi ne mai alli a aljihu.

Da safe Alhaji Ƙasimu ya karɓi wayar, ya nisanta ta da ido, ya ga an mai da shi gobe Alhamis. Jibirin yana gefe yana ta murza furfurarsa.

"Wa ya ɗage ni?"

"Ita ce, Alhaji. Ta ga Malam Hambali yana layin yau."

Alhaji ya sauke ajiyar zuciya.

"Tun jiya nake neman ciwon da zan ƙirƙira." Ya zaro allin ya miƙa wa Jibirin. "Ungo, kai wa 'yan makaranta. Ashe abin naka yana da tarbiyya."

Injin ya tashi. Jibirin ya koma gefe ya kira Mahbub, ya ɗaga wayar sama don ya ji rugugin da kyau.

"Mutumina, manoma arba'in da bakwai ke aiki da abin da na rubuta. In za ka taho, ka sa wando mai kauri, ƙofar shagona tsakuwa ce."