Babin da Yaya Nasiru Ke Farawa Tun Daga Bakin Ƙofa

Shekara goma sha shida ke nan da rasuwar yayana Nasiru mai bidiyo, a hatsarin mota kan hanyarsa ta dawowa daga ɗaukar wani biki a Gawu Babangida. Har yau in na bi ta gaban tsohon shagonsa a nan Suleja, wanda ya koma wurin cajin waya, sai in ji kamar in leƙa in tarar da shi ya duƙufa a gaban kwamfuta, shayinsa ya huce bai sani ba.

Aikinsa shi ne ya ɗauki biki ko suna, ya tace, ya zuba a faifan DVD. Kafin ya zuba sai ya yanka bidiyon babi-babi, wato ya dasa alamomin da in ka danna rimot za ka tsallaka zuwa inda kake so: ɗaurin aure, kamu, shigowar amarya. Kowane mai shago haka yake yi. Bambancin Yaya shi ne bai taɓa dasa alamar a kan abin da ya rubuta a sunan babin ba. Sai ya ja ta baya kaɗan. Ka danna "Shigowar amarya", sai ka ga ƙofa, labule na motsi, mata sun juya wuya suna jira. Amaryar sai can ta ɓullo.

Masu biki sun yi mita har sun gaji, ni kuwa na fi kowa tsokanarsa. Nakan ce, "Yaya, kai ko a faifai sai ka sa mutane zaman jira?" Sai ya yi murmushi ya ce, "Ke ba ki san daɗin abu ba, Hajara. Wanda bai jira amarya ba, ai bai gan ta ba."

Wani lokaci ina cikin motar Abuja da safe, mun wuce dutsen Zuma gajimare ya rufe kansa, sai in kama tunanin me zai ce da zamanin nan. Yanzu kowa a wurin biki mai bidiyo ne, wayoyi sun fi fuskoki yawa. Mutum bai gama kallon abu ba ya ture shi da ɗan yatsa ya wuce na gaba. Manhajar tace bidiyo ma da kanta take yanka babi, tsawo ɗaya kamar an auna da tef. Ina jin da zai girgiza kai, ya ce an mayar da biki kamar sababbin gidajen unguwar Maje, kowanne irin ɗan'uwansa. Ko kuma, da yake shi mai son sabon abu ne, ya karɓe wayar ya ƙi mayar mini.

Ya bar 'ya ɗaya, Ummi, mai sunan mahaifiyarmu. Tana ƙarama ƙwarai ya tafi. A bana da za ta wuce jami'a ta same ni ta ce, "Gwaggo, wallahi ko muryarsa ban sani ba. Babu inda ya yi magana?" Ga shi kuwa mutumin da ya ɗauki rabin garin nan bai taɓa tsayawa gaban kyamara ba. Abin da ya rage mana faifan sunanta ne guda ɗaya, duk ya karce, yana tsayawa yana tafiya. Ranar da ya ƙi tashi, shi ke nan.

Na lallaɓa na juye shi cikin kwamfuta. Alamomin babin sun biyo, amma sunayensu sun zube, sai lambobi. Na zauna ina mayar musu da suna ɗaya bayan ɗaya. Da na iso babin fitowar jaririya na sake ganin ƙofa da labule, sai na ce yau dai zan gyara wa Yaya aikinsa, tunda ba ya nan balle ya musa. Na saƙala abin ji a kunne don in kama daidai inda guɗa ta tashi, in matsar da alamar can.

A cikin wannan ɗan shirun, kafin guɗa da kiɗa su cinye komai, na ji numfashin mai riƙe da kyamara. Sannan ƙasa-ƙasa, yadda babu wanda ke tsakar gidan zai ji, ya ce, "Fito mana, uwata. Tun ɗazu nake jiranki."

Na yi kuka sosai. Wannan fa mutumin ne da kunyar 'yar fari ta hana shi ɗaukarta a gaban mutane. Na janye hannuna, na bar alamar inda ya dasa ta. Na bi sauran babukan, kusan kowanne akwai shi a ciki: ɗan tari, bisimilla, wata 'yar dariya da yake dannewa. Ban ce da gangan ya yi ba. Shi dai jira yake so, kuma a wurin jiran ne kaɗai ake jin sa.

Shagon ya tafi, fayafayan da ya yi wa mutane yawancinsu sun lalace ko sun ɓace a ƙaura. Abin da ya saura na Yaya Nasiru ɗan shirun nan ne a gaban kowane babi. Allah Ya jiƙansa, Ya sa jiransa mai daɗi ne.

Na tura wa Ummi bidiyon a waya, na nuna mata inda za ta danna. Ta zauna a bakin gado, ta ga labule, ta ji shi. Labulen ya fara ɗagawa za a fito da jaririyar, sai ta koma farkon babin. Ta sake ji, ta sake komawa. Na ce, "Ummi, ba za ki bari ki ga kanki ba?"

Ba ta ɗago ba ta ce, "Gwaggo, in na fito ai zai daina kirana."