Duron da Baffa Ya Kawo daga Bawku

Shekarar da na fara koyar da kimiyya a Yendi, na zo hutu gida Salaga da rani, na tarar da sabon duro shuɗi na roba a tsakar gida, cike da ruwa. A gidan baffana muke zaune tun rasuwar mahaifina, kuma shi ne ya sayo duron a kasuwar Bawku, inda yake zuwa fataucin albasa. A lokacin rijiyoyin unguwarmu sun ja baya, mata na tafiya mai nisa da garwa a ka. Wanda ya samu abin tara ruwa irin wannan, to ya huta.

Na ɗebo da moɗa zan sha, sai wani wari ya daki hancina, mai kaifi da ɗan zaƙi-zaƙi. Na zagaya bayan duron. Takardar da aka manna ta yage, rubutun Faransanci ne, amma sunan sinadari ba ya canzawa sosai don ya tsallaka iyaka. Na gane shi, mai guba ne.

A kwaleji mun karanta wasu sinadarai 'yan gida ɗaya, waɗanda ake kira ether, masu ɗauke da kulorin, da yadda ruwa ke farfasa su. A wasu, kulorin ɗin na zaune dab da iskar oksijin da ke tsakiyar ƙwayar. Oksijin ke tura shi ya fita, ruwa ya shige gurbinsa, kafin ka gama alwala abin ya wargaje. A wasu kuwa kulorin ya matsa taku ɗaya kacal, babu mai tura shi, sai ruwa ya yi ta jira shekara da shekaru. Na cikin duronmu irin na biyun ne. Ga shi kamar mai, roba na shanye shi, tana sako shi kaɗan-kaɗan.

Na je na durƙusa gaban Baffa na gaishe shi, na yi masa bayani da ladabi iya yina.

Ya ce, “An wanke shi sau bakwai. Da yashi, da sabulu. Ko kare ne ya sa baki, sau bakwai ya isa. Ke sukuru ɗinki, bokon nan naki, ya fi ruwa tsarki ne?”

Na ce, “Baffa, ruwa na wanke ƙazanta. Wannan ba ƙazanta ba ce, ruwa bai iya cin shi da wuri ba.”

Mutanen gidan suka kwashe da dariya. Tun ranar na zama Madam Ba-a-sha. Yara sama da goma ke shan ruwan nan, har da jaririn matar yayana da ake dama wa koko da shi. Mahaifiyata, wadda muke kira Mma, tana gefe tana tsince shinkafa, ko kai ba ta ɗaga ba. Na ji haushinta fiye da na kowa.

Na ce a ba ni mako guda. Na zubar da ruwan, na cika da sabo, na rufe. Da makon ya cika na buɗe a gaban kowa, warin na nan daram. Na ɗauka magana ta ƙare. Sai Baffa ya karɓi moɗa, ya cika, ya yi bisimilla, ya shanye tas. Ya buɗe hannuwa ya ce, “To, ga ni. Na mutu?”

Abin ba mai kayar da mutum nan take ba ne. A hankali ake tsoron ɓarnarsa, a hanta, bayan an manta da duron ma. Ba ni da ɗakin gwaji, ba ni da gawa da zan nuna, kuma ba na fatan in samu. Ni dai na san abin da na sani.

Washegari da hantsi maza suka fita kasuwa. Na fito daga ɗaki sai na ga gatari jingine a bakin ƙofata. Ban tsaya tambayar wanda ya ajiye shi ba. Sara uku na yi wa duron a gindi, na ƙara biyu a gefe don kada wani gwani ya ce zai liƙe. Ruwa ya malale har zaure, kaji suka watse, matan gida suka ɗora hannu a ka.

Da Baffa ya dawo bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi in ba shi haƙuri a gaban kowa, ko in daina taka masa gida. Na ce, “Baffa, na yi maka rashin kunya, wannan na yarda. Amma duron, ko gobe aka kawo wani zan fasa.” Da yamma na hau lori zuwa Yendi. Shekara shida bai amsa gaisuwata ba. Babu wanda ya yi ciwo a gidan, kuma wannan ne hujjarsu a kaina har yau. Ni ma shi ne hujjata, sai dai ba mai saurare.

Abin da ya ci min rai shi ne Mma. Ita ta koma ɗaukar garwa daga nesa, da shekarunta, saboda aikin da na yi. Bayan Baffa ya rasu na zo gida, na same ta tana shafa man zafi a wuya. Na ce, “Mma, ki yafe min. Baffa ban ba shi haƙuri ba, amma ke na jawo miki wahala.”

Ta dube ni ta ce, “Ke kaɗai ke da hanci a gidan nan? Ni a gidan shi nike zaune, bakina bai iya faɗi.” Ta ci gaba da murza wuyanta. “Gatarin nan, kin zaci da ƙafa ya zo ƙofarki?”