Hannuwan Matan Damare

Ranar an wuni ana yayyafi, a daminar da mutanen Madagali suka cika sansanin Damare. Malama Jemimah, mai koyarwa a Jimeta, ta kawo labarin gudun hijirar da ta rubuta, tana tsoron kada matan sansanin su ce ƙarya ta shirya. Tana karantawa suna ɓarar gyaɗa. Duk shafukan harbe-harbe hannuwansu ba su tsaya ba. Da ta zo inda wata uwa ta koma ta kwance akuyarta kafin ta gudu, sai ɓarar ta tsaya cak.

"Malama, ni ma na kwance tawa," in ji wata tsohuwa.

Shi ya sa take ce wa marubuta su karanta wa mai aiki, su kalli hannunsa. Yanzu tana Yolde Kohi, ta yi ritaya.