Akwatin da ya tafi, ya dawo

Ni ban iya jira ba, kuma a Garwa ta zamanin Jamus komai jiran ruwa yake yi. Jirgin Turawa ba ya iya hawowa Binuwai sai damina ta yi nisa, kogi ya cika ya shanye yashi. In ya zo ya sauke kaya, sai ya yi sauri ya juya kafin ruwa ya janye ya bar shi a kan tudu.

Makarantarmu rumfar zana ce kusa da kwata, inda jirgi ke tsayawa. 'Ya'yan sarakuna suna da tasu can wajen bariki. Mu kuwa 'ya'yan 'yan dako ne da masunta da zawarawa. Babana ɗan dako ne, ya rasu a hanyar Tibati ina ƙarama. Innata ke riƙe da ni da sana'ar daddawa da kaɗi. Wata Baturiya doguwa, mai Hausa gauraye da Fillanci, ita ke koya mana. Malama muke ce mata.

A wata damina jirgi ya kawo mata wani akwatin katako da mutum zai iya kwanciya a ciki. Ta buɗe a gabanmu. Alluna na baƙin dutse, allurai, da riguna. Na samu wata shuɗiya. Na juya cikinta na ga ɗinkin hannu ne, sahu-sahu, kamar tururuwa ta bi layi. Na ruga gida da ita a jikina.

Inna tana tsugune a gaban tukunyar kalwa. Ta dube ni daga sama har ƙasa.

"Wa ya ba ki?"

"Mutanen Malama. Can bayan teku."

"Danginta?"

"A'a. Jama'ar wani ɗakin ibada ne. Su ke tara abin da ake riƙe makarantar, saboda 'ya'yan talakawa."

Da na san abin da kalmar nan za ta jawo, da na haɗiye ta. Inna ta ajiye muciya.

"Cire."

"Inna, kyauta ce fa!"

"Kyauta tana da mai ita. Ka san ƙofarsa, ranar sunansa ko bikinsa ka kai naka. Wannan da ba ni da inda zan mayar, sadaka ce. Ni da hannuna biyu ban ci sadaka ba, 'yata ba za ta sa ta a wuya ba. Gobe ma ba za ki koma rumfar nan ba."

Na yi kuka, na yi tsiwa, har na ce mata daddawa ba ta taɓa koya wa kowa komai ba. Na sha mari, kuma na cancanta. Washegari ta yafa mayafi, ta tasa ni gaba da rigar a naɗe, sai makaranta.

Malama ta saurare ta har ƙarshe. Ta ce mutanen nan ba sa jiran komai. Inna ta ce ai abin da ya ɓata mata rai ke nan. Malama ta ce ba attajirai ba ne, yawancinsu masu ɗinki ne da masu gashin burodi da tsofaffi. Ta ƙara da cewa ko a ƙasarsu ana yi musu kallon bare, don sun ce Allah ɗaya ne, ba shi da ɗa, Annabi Isa kuma mutum ne.

Inna ta ce, "Nasara ne suka faɗi haka?"

"Su ne."

"To me ya hana su salla?"

Malama ta yi dariya, ta ce wannan sai dai Inna ta tambaye su. Inna ba ta yi dariya ba. Idonta yana kan akwatin da aka jingine a gefe, babu komai a ciki.

"Wannan fa?"

"Za mu fasa mu yi benci."

"Subhanallahi! A kawo miki abinci, ki cinye, ki fasa kwanon? Ba a yin haka. Kwano komawa yake yi, kuma ba wofi ba."

Kafin la'asar maganar ta zaga unguwa. Duk uwar da ɗanta ya zo da riga ta tashi. Jirgi kuwa yana shirin juyawa, ruwa ya fara ja. Aka kawo faifai masu launi, tabarmi, ƙoren da aka yi wa zane da wuta, kuka, busasshiyar kuɓewa, kifi banda. Inna ta sa daddawa mai yawa, sannan ta ɗauko zanen saƙi wanda ita ta kaɗa zarensa tun babana na da rai. Malama ta roƙi a cire kifin, ta ce tafiyar tana da nisa. Matar wani masunci ta ce, "Kifin mijina ne zai lalace? Ke dai rufe." Aka rufe. Inna ta tsoma hannu a shuni ta danna a murfin.

Sannan ta juyo gare ni. "Ki ci gaba da zuwa har ruwa ya dawo. In akwatin nan ya dawo, mutanen arziki ne, mun ƙulla. In shiru, kin gama."

Ban taɓa ganin shekara mai tsawon wannan ba. Da rani kogi ya koma yashi, shanu suna tsallakawa. Ina karatu kamar mai cin abinci a tsaye. Kullum in na wuce kwata sai in harari ruwan, in ce masa ya yi sauri.

Ranar da jirgi ya yi kuka daga bayan kwana, na bar allona a ƙasa. 'Yan dako suna ta sauke gishiri da atamfa da kwanon rufi, ni kuwa ina tsaye ina baza ido. Can sai ga akwatin a kan wani ƙato. Ya yi baƙi, gefe ɗaya ya tsage an ɗaure da waya. Amma hannun Inna yana nan a murfin, shuɗi, yatsu a baje. Hannun da ya mare ni ya je bayan teku ya dawo. Ban san lokacin da na zauna a cikin laka ba.

Mata suka cika rumfa. A cikin akwatin akwai alluna da littattafai, kwanon rufin da na gani ana saukewa kuma ashe namu ne. Malama ta ba da labarin da aka aiko mata. Ta ce sun jera teburori a ƙofar ɗakin ibadarsu, suka baza kayanmu, suka kira mutanen gari suka sayar.

Inna ta miƙe. "Suka sayar? Abin da muka ba su?"

"Dakata, Inna. Da kuɗin aka sayi rufin nan. Faifai ɗaya, wani ya saya ya mayar kan tebur, wani ya sake saya ya mayar. Haka ya yi ta zagawa har yamma."

"Ya biya, kuma ya bar kayan?"

"Ya bar su."

Inna ta koma ta zauna a hankali. Mace ce da ta yi rayuwarta a kasuwa, ba ta taɓa barin ko ƙwayar kalwa a faifan wani ba. Ta ce, "Ikon Allah," can ƙasa-ƙasa.

Kifin, in ji Malama, sun binne shi da girmamawa. Matar masunci ta ce ba su da hanci. Daddawa kuwa sun ɗauka sabulu ce, har wani dattijo ya shiga wanka da ita. Rumfar nan ta kusa faɗuwa don dariya.

Sai Malama ta fito da hoto. Ban taɓa riƙe hoto ba sai ranar. Mutane ne tsaye a gaban wani ɗan gini, ƙasa fari fat kamar an zubar da auduga. Malama ta ce sanyi ne yake sauka haka daga sama. A tsakiya ga wata tsohuwa ƙanƙanuwa, ta yafa zanen Inna a kafaɗa. Shi kaɗai suka ƙi sayarwa. Sun ba ta, don ita ta ɗinka yawancin rigunanmu, idonta kuma ya fara mutuwa.

Inna ta karɓi hoton da hannu biyu. Ba fuskar ta duba ba, yatsun ta duba, waɗanda suka riƙe bakin zanen, duk sun kumbura sun karkace. Ta daɗe. Ni mai gaggawa, ranar ban ce mata ta yi sauri ba. Ina ta tunanin wannan tsohuwa a cikin farin sanyin nan, tana zura allura don wata yarinya da ba ta san ko sunanta ba, yanzu kuma zaren uwata ne a jikinta.

Daga baya har makarantar gaba na je, can bakin teku, na ga ruwan da akwatin ya ƙetare. Amma a ranar ban san haka ba. Abin da na sani shi ne, muna hanyar gida na kasa haƙuri.

"To Inna, gobe in koma ko kar in koma?"

Ta harare ni. "Ji wata tambaya. In ba ki koyi rubutunsu ba, wa zai gaya wa bayin Allahn nan a miya ake sa daddawa?"

Da muka shiga gida ta jawo kwandon auduga, ta ɗauki mazari.